Mudassiru Lauya da Buhu Goma Sha Huɗu

Mudassiru bai taɓa zama ajin koyon shari'a ba. Abin da ya faru shi ne, a wata shekara da noma ya ƙi, ya tafi birni ya yi wata takwas yana sayar da katin waya a bakin wata kotu. Ya dawo Tudun Gwaiba da baƙar jaka da kalmomin Turanci biyar ko shida, kuma tun daga ranar teburin mai shayi bai sake hutawa ba. Mutanen gari suka laƙaba masa Lauya don tsokana. Shi kuwa ya karɓa hannu biyu, har ya sa aka rubuta masa a bayan babur.

Gonarsa tana can ƙarshen kanal, inda ruwa ke isowa a gajiye, in ma ya iso. A bana ya zuba irin tumatir, ya fito da kyau a wurin reno, saura dashe. Dashe sai da ruwa, ruwa kuma a irin gonarsa sai da inji. Ana haka Bankin Damina da Rani da ke Kura ya ba da sanarwar rancen injin ban-ruwa, za a rufe rajista bayan sati uku. Mudassiru ya goge takalmi ya tafi.

Ma'aikaciyar da ke karɓar takardu, wata matashiya mai suna Khaulat, ta danna kwamfuta, ta dubi fuskarsa, ta sake danna kwamfuta.

"Baba, akwai 'yar matsala. Sunanka yana cikin masu taurin bashi."

"Sunan wa?"

"Mudassiru Abdulsamad, Tudun Gwaiba. Rancen taki da irin shinkafa na shekara uku da suka wuce. An rubuta ba ka biya ba. Kuma kundin nan duk bankuna suna duba shi, ko'ina ka je haka za su gani."

A nan ya kamata a yi wa Mudassiru adalci, abin da ba kasafai ake samun dalilin yi ba. Ya biya. A waccan shekarar da shinkafa shanshera ake biyan rancen, kuma ya kai buhu goma sha huɗu sito. Kowa a garin ya sani, don sai da ya yi wata guda yana ba da labarin.

"Idan ka biya, abin mai sauƙi ne," in ji Khaulat. Ta jawo wata takarda mai shafi ɗaya. "Ka cike wannan fom ɗin, ka haɗa da rasit ɗin da aka ba ka a sito. Kwana goma na aiki ake yi ana bincike. In ka kawo gobe, za a goge sunanka kafin a rufe rajista."

Mudassiru ya riƙe takardar da yatsa biyu, kamar an miƙa masa mataccen ɓera.

"Fom. 'Yar nan, kin san da wa kike magana kuwa? An ɓata min suna a duk bankunan ƙasar nan, ki ce in cike fom? Ni da na ga manyan alƙalai suna shiga mota da idona?"

"Shafi ɗaya ne, Baba."

"Kwana uku na ba ku. Da kanku za ku kawo min injin har gona, da takardar ban haƙuri a kansa."

Ya ajiye mata fom ɗin, ya fita, ya dawo ya ɗauki hularsa, ya sake fita.

A gida matarsa Indo tana bakin tukunya tana turara shinkafa. Ta saurari labarin har ƙarshe, wanda a bakin Mudassiru ya haɗa da yadda manaja ya ɓuya a banɗaki.

"Baban Rahma, ka cike musu takardar mana. Ai ba ta cizo."

"Indo, ke tukunya kika sani. Wannan magana ce ta doka."

"To. Tumatirin dai bai san doka ba."

Washegari ya tafi wurin mai buga takardu a Kura, suka wuni. Aka fito da takardar ƙorafi mai shafi tara. Shafi huɗun farko tarihin gidansu ne tun daga kakansa. Na biyar ya yi bayanin abin da ake nufi da mutunci. A na tara ya nemi diyyar miliyan biyar, da injin kyauta, da kuma a nemi gafararsa ta lasifika ranar kasuwa. Ya sa aka yi kwafi ashirin, ya raba wa mai unguwa, da limamin Juma'a, da shugaban masu kwandon tumatir, da wani mai gyaran rediyo da tsautsayi ya sa yake zaune a wurin.

Bayan kwana huɗu ya koma banki jin amsa.

"Na karanta duka, Baba," in ji Khaulat. "Labarin kakanka da jakinsa ya burge ni. Sai dai ban ga inda ka sa lambar rancen ba. Rasit ɗin fa?"

"Rasit yana inda yake, cikin leda uku. Ba zan miƙa shi a ɗaki ba, daga ni sai ke sai fanka. Gobe a ce ɓera ya cinye. A gaban jama'a za a karanta shi."

"Saura sati biyu a rufe."

"Ku ne ya kamata ku damu da wannan."

A hanyar gida ya yi tunani, abin da kan jawo masa yawancin matsalolinsa. Kwamfuta ba ta tsanar mutum haka kawai, dole akwai hannun wani. Wa zai ji daɗin a ce Mudassiru bai samu inji ba? Sai maƙwabcinsa na gona, Uba Hashimu, wanda ruwa ke ratsa gonarsa kafin ya iso tasa. Uba mutum ne da kan yi sati bai yi maganar da ta kai ta Mudassiru ta safiya ɗaya ba.

Ya same shi a gona yana gyara bakin fangali da fartanya.

"Uba, na gano ka."

Uba ya ɗago. "Sannu da ganowa."

"Kai ka shiga ka fita aka sa sunana a kwamfuta. Kana tsoron in samu inji in fi ka tumatir."

"To."

"Kar ka ce min to. Za ka yi bayani a gaban hukuma."

"To," in ji Uba, ya koma kan fartanyarsa.

Kafin magariba Mudassiru ya sanar a teburin mai shayi cewa wanda ake zargi ya kasa musu.

Sai maganar shaidu. Ya nemo Suhaibu, direban a-kori-kurar da ta kai shinkafar sito, da 'yan dako biyu da suka yi lodi. Shaidu ba sa tuna abu da yunwa, don haka akuyar Indo ta tafi kasuwa, bisa alkawarin za a mayar mata da saniya idan diyya ta fito. Aka zauna gindin mangwaro ranar Talata don gwaji.

"Suhaibu, buhu nawa ka ɗauka?"

"Ni dai na san na yi faci sau biyu ranar, kuma har yau ba ka cika min kuɗin mota ba."

"Ba a tambaye ka wannan ba. Kai, buhu nawa ka loda?"

Ɗan dako na farko, wanda ya ci nama kuma yake son ya nuna godiya, ya ce, "Talatin."

"Sha huɗu."

"In sha huɗu kake so, sha huɗu ne, Lauya. In ka ce arba'in ma ni ban ƙi ba."

Na biyu ya daɗe yana kallon sama, sannan ya ce shi a tunaninsa albasa ce.

Mudassiru ya ga shaidunsa na buƙatar horo. Ya ce bari ya zama lauyan banki, ya gwada musu irin tambayoyin da za su sha. Ya gyara tsayuwa, ya nuna ɗan dako na farko da yatsa.

"Kai, ba kai ne aka taɓa kama ka da kazar mutane a buhu ba? Ba ubanka ne ya mutu da bashin mai goro ba? Ta yaya kotu za ta yarda da maganarka?"

Ya yi aikin da kyau ƙwarai. Ɗan dakon ya miƙe, ya ce in an sake ambaton ubansa za a kwashi wani a baro, ya tafi da ragowar naman. Na biyu ya bi shi, don tare suka zo a keke ɗaya.

Talata kuwa ita ce ranar da ake sakin ruwa ga 'yan ƙarshen kanal. Ruwan ya zo, bai tarar da mai buɗe masa hanya ba, ya wuce abinsa. Da yamma Indo ta ce, "Na leƙa wurin reno. 'Ya'yan tumatirinka sun sunkuyar da kai, kamar sun ji abin da ka yi."

"Za su ɗago ranar Laraba ta sama. Ranar za a yi ta ta ƙare."

Larabar ta zo saura kwana biyu a rufe rajista. Shirin shi ne a shiga Kura da mota da lasifika, a tara jama'a a ƙofar banki, a karanta rasit, manaja ya fito yana rawar jiki. Lasifikar aro ce daga wurin Dattijo mai maganin gargajiya, wanda ya ce a kula da jan maɓallin. Mudassiru ya ce shi ya ga na'urorin da suka fi wannan a kotu. Ya sa farar babbar riga, ya hau bayan mota ya tsaya kamar ɗan takara.

"Suhaibu, bi ta bakin kanal, ta gaban gonar Uba. Ina so ya gani."

"Lauya, hanyar nan jiya aka yi ban-ruwa. Taɓo ne."

"Ni na ɗauki motar nan ko kai?"

Motar ta shiga taɓo har gindi, daidai gaban gonar Uba, wanda ba ya nan. Mudassiru ya sauko ya tsaya bayan taya yana ba da umarni. Suhaibu ya taka mai. Abin da ya faru da farar rigar ba ya buƙatar dogon bayani. Sai da aka samo shanun huɗa suka jawo motar, mai shanun kuma ya karɓi abin da ya rage daga kuɗin akuya.

Da suka shiga Kura, Mudassiru ya ɗaga lasifika, ya gyara murya, ya danna jan maɓallin. Muryar Dattijo ta cika titi: "Ina mai basir, ina mai zama da gefe ɗaya, ina wanda ke shiga banɗaki da addu'a ya fito da hawaye, ga waraka ta zo." Ya sake dannawa, muryar ta ƙara ƙarfi. Ya jijjiga ta, ta koma kan maganin sanyin mara.

Jama'a kuwa suka taru, fiye da yadda ya yi fata. Kafin a isa ƙofar banki mutum kusan hamsin na bin motar. Wani tsoho ya kama gefen rigarsa yana tambaya ko akwai na ɗari biyu. Wata mata ta ce wa ƙawarta lallai maganin na da ƙarfi, dubi yadda ya yi wa mai sayarwar. Sai da Suhaibu ya cire batir aka samu shiru.

Manaja yana Kano wurin taro. Khaulat ce ta fito, ta tsaya a kan matakala.

"Baba, sannu da hanya. Ka faɗi ne?"

"Jama'a," in ji Mudassiru, ya juya mata baya, "ba magani na kawo ba, gaskiya na kawo." Mutum goma suka tafi nan take. "Bankin nan ya ce ban biya bashi ba. Ga rasit. Kuma ba ni zan karanta ba, kar a ce na ƙara gishiri. A kira wanda ya rubuta shi da hannunsa."

Wanda ya rubuta shi Iliyasu ne, tsohon akawun sito, wanda yanzu ke sayar da taki a shagon da ke kallon bankin. Aka kira shi ya tsallako, tare da mai sayayyar da ke shagon a lokacin, wato Uba Hashimu, da rabin buhun taki a kafaɗa.

"Madalla," in ji Mudassiru. "Har wanda ake zargi ya kawo kansa."

Ya kwance leda ta farko, da ta biyu, da ta uku, a hankali, don kowa ya gani. Iliyasu ya karɓa, ya nisanta takardar da idonsa.

"Rubutuna ne. An karɓi shinkafa shanshera, buhu goma sha huɗu."

"Ku ji da kyau."

"Daga hannun Uba Hashimu, Tudun Gwaiba."

Jama'a suka juya gaba ɗaya suna kallon Uba.

"Sake karantawa," in ji Mudassiru.

"Ko sau goma na karanta, Uba ne. Lauya, ranar karɓar shinkafa manoma ɗari uku ne a kaina, motoci na ta sauke kaya. Ni ba fuska nake kallo ba, buhu nake kallo. Kowa da alamarsa ta fenti, kuma ina da littafin alamomin. Buhun da na gani da jan zobe da ɗigo biyu, na Uba ne. Na rubuta, na miƙa wa hannun da ya miƙo."

"Buhunana ne," in ji Uba. "Ya zo ya ara ranar da asuba. Ya ce sayen sabon buhu aikin wanda bai iya lissafi ba ne."

Khaulat ta sauko mataki ɗaya. "Baba, shekara uku takardar nan tana hannunka. Ba ka taɓa karantawa ba?"

"Na duba hatimi. Duk wanda ya san doka ya san hatimi ake dubawa."

Khaulat ta juya ga Uba. "Malam Uba, in kai ma ka ci rancen nan ka kai naka sha huɗu, ba ka ga an rubuta maka buhu ashirin da takwas ba?"

Uba ya sauke takinsa, alamar zai yi doguwar magana. "An kira ni, an ce na biya da rara. Na ce sha huɗu na kai. Aka ce kwamfuta ta fi ni lissafi, aka ba ni kuɗin rarar. Ni ba na gardama da hukuma."

"Me ka yi da kuɗin?" in ji Mudassiru. Muryarsa ta sauka sosai.

"Inji na saya."

Wani daga baya ya fara dariya, ya mayar da ita tari, sannan ya ga ba amfani ya sake ta. Kowa a Tudun Gwaiba ya san injin Uba. Shi ne ke zuƙe rabin ruwan kanal kafin ya gangara ƙarshe.

"Wato da shinkafata ka sayi injin da kake shanye min ruwa."

"Haka ya nuna."

"Jama'a ku shaida, ya amsa laifi."

"Ba laifin da na amsa. Amma hakkinka ne, ba zan ci ba. In an cire tumatir zan mayar wa banki kuɗinsu. Hajiya, in akwai inda zan sa hannu, a kawo."

Khaulat ta shiga ta fito da takarda mai shafi ɗaya. Mudassiru ya gane ta.

"Ka cike nan, Malam Uba ya sa hannu a nan, Malam Iliyasu ya shaida. Za a goge sunanka, in sha Allah."

"Yau?"

"Kwana goma na aiki, Baba. Kamar yadda na faɗa maka ranar farko."

"Rajista fa?"

"Jibi za a rufe. Sai dai baɗi."

Mudassiru ya dubi rigarsa, ya dubi Suhaibu da ke jiran kuɗin mota na yau da na shekara uku, ya dubi jama'a. A karon farko tun dawowarsa daga birni, bai samu kalmar Turanci ko ɗaya da ta dace ba.

"Tumatirina zai mutu ke nan," ya ce.

"Ba zai mutu ba," in ji Uba. "Ka zo ka ɗauki injin Talata da Juma'a. Mai naka, gyara naka."

"Ka ba ni aron injina?"

"Ka fara dawo min da buhunana, sai mu yi maganar na wane ne."

Mudassiru ya yi gyaran murya, ya juya ga waɗanda suka rage. "To kun gani dai. Banki ya amsa kuskure, wanda ake zargi ya miƙa inji. Abin da na ce zai faru ke nan, sai dai bambancin tsari."

Ba wanda ya musa masa, don yawancinsu sun koma tambayar Suhaibu inda za su samu Dattijo.

Ya karɓi fom ɗin, ya ɗora a kan murfin mota. Ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu, ya zazzage baƙar jakar. Kwafin takardar ƙorafi guda bakwai suka zubo, babu abin rubutu.

"Uba," ya ce ƙasa-ƙasa, "ara min biro."

Uba ya kai hannu aljihu. Khaulat ta riga shi.

"A'a, Malam Uba, bar shi a aljihunka. Baba, ga shago can, naira ɗari ne. Wannan karon ka sayi naka."